Ranar da Dattawa Suka Duba Bayana

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a zauren Alhaji Ɗanjuma ba. Shekaru sun ja, wasu daga cikin waɗanda suka halarci zaman ma sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na tuna sai in ji wuyana ya yi zafi. Abin takaicin kuma, in na lissafa mutanen da ya kamata in ji haushinsu, sai in tarar da kaina a sahun gaba.

Ni ɗan goro ne. A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife mu, ni da ƙanena Isiyaku, kuma sana'ar mahaifinmu muka gada: mu shiga ƙauyukan Yarabawa mu sayi goro, mu zo mu tsince, mu ɗaure huhu, mu loda a mota zuwa Arewa. Saboda na gama firamare kuma bakina ba ya mutuwa, 'yan ƙungiyarmu ta masu goro suka naɗa ni sakatare, har sunan ya bi ni ya danne na yanka. (Ina da zuciya, wannan kowa ya sani. Maiɗakina Hajara takan ce ko da ƙofa na yi karo sai na tsaya na gaya mata magana.)

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin da komai ya yi tsada, asibitin gwamnati kuma yau ba magani, gobe ana yajin aiki. Wata safiya muna lodi a tashar Ojoo, mota ta zame baya ta danne wa Isiyaku ƙafa. Muka cicciɓe shi a tasi sai wani asibitin kuɗi da ke kan hanya, don shi ne mafi kusa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don sun cancanci a rufa musu asiri ba.

Muka shiga da shi jini yana zuba, na nufi matar da ke zaune bayan taga. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Oga, pay first," in ji ta. Wato sai na ajiye kafin alƙalami kafin a taɓa shi.

Na yi mata Turancin, na yi mata Yarabanci, na cire agogona na ajiye a gabanta, na ce ga shi jingina, a tsayar da jinin kawai. Ta tura mini agogon da bakin biro kamar wata ƙazanta. Haka na bar ƙanena kwance a kan benci na koma Sabo ina bin gidaje ina haɗa kuɗi. Tun hantsi muka kai shi, ba a ɗora masa hannu ba sai da aka yi azahar.

Da kuɗi ya shiga hannunsu kuwa, sai ga gado, sai ga ƙarin ruwa. Wannan leda ta ƙare a rataya wata, kowace da kuɗinta. Allura da kuɗinta, auduga da kuɗinta, gadon ma kullum yana ci kamar doki. Likitan kuma sai dai mu hangi bayan rigarsa. Da ƙafar ta fara wari na tare shi a baranda, ya dafa kafaɗata ya ce, "E go heal," zai warke, ya wuce. Ba ta warke ba. Da ƙyar muka fitar da shi (sai da muka biya har na kwanan da muke gardamar fitar) muka kai shi babban asibiti, inda aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan da ya yi aikin ya gaya mini a fili cewa da an wanke raunin yadda ya kamata tun ranar farko, da ba a kai ga haka ba.

Ku duba fa. Sun karɓi kuɗin gyaran ƙafa cif, ƙafar kuma ba su ba mu ba. Saurayi mai ɗaukar huhu shi kaɗai ya koma zaman rumfa da sanduna biyu, ko magana ba ya son yi.

Watanni na yi ina tafasa. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji karatun. Mu a sana'armu wa ke biyan kuɗi bai buɗe huhu ba? In ka tarar da sankara a ciki, a rage kuɗi ko ka mayar. Tela ya ɓata maka yadi, ba ka ba shi ladan ɗinki. Magini ya yi maka katanga ta faɗi, ka kai shi gaban mai unguwa. Likita ne kaɗai a duniyar nan ake biya ko ka tashi ko ka mutu, kuma iya daɗewarka a kwance iya ribarsa. Wane irin ciniki ne wannan?

Daga ƙarshe na kai maganar zauren Alhaji Ɗanjuma, shugaban ƙungiyarmu, inda muke taruwa duk Lahadi bayan la'asar. Na ce mu buɗe asusu, kowa ya riƙa zubawa, mu nemi likita ɗaya mu ɗaure magana da shi. Duk ɗan ƙungiya ko iyalinsa da aka kai, a duba shi nan take ba maganar kuɗi. Asusu ya biya rabi, sauran rabin sai an warke. In aiki ya yi kyau a ƙara da tukuici, in bai yi ba ko sisi. Zaure ya ɗauki kabbara. Ni kuwa na ji kaina ya yi girma har hulata ta matse ni.

Likitan da muka samu wani matashi ne da ya buɗe ɗan asibiti wajen Mokola, Dokita Bayo. (Dokita muke cewa, yadda Yarabawa ke faɗi.) A Kaduna ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, don haka Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ya zo zauren, ya cire takalmi, ya rusuna ya gaida dattawa, ya saurare ni har na gama.

"Na ji, Sakatare," in ji shi. "Duba mutum kafin kuɗi, wannan na yarda, dama haka ya kamata. Amma wa zai ce an warke?"

"Mu mana."

"Ku wa? Mara lafiya zai iya cewa bai warke ba don kada a biya. Ni ma zan iya cewa ya warke don a biya ni. Kuma akwai ciwon da ba a warkewa, sai dai a lallaɓa shi har ƙarshen rai. Me zai hana ku auna ni da abin da ke hannuna? Na duba da wuri? Na gano ciwon? Na yi bayani? Na bi sawu?"

Ni a lokacin duk maganar likita dabarar cin kuɗi ce. Na miƙe tsaye na ce, "Dokita, ba mu zo jin lacca ba. Dattawa uku za mu zaɓa. In aka yi gardama, su duba wurin ciwon da idonsu a gaban jama'a, yadda muke buɗe huhu a tsakiyar kasuwa. Abin da suka gani shi ne hukunci. Ba ɓoye-ɓoye, ba sirri, ko wane ne."

"Ko wane ne?" in ji Dokita.

"Ko ni ne!" Har da bugun ƙirji.

Ya ce to, amma shi ma yana da sharaɗi guda: duk wanda aka ba umarni ya ƙi bi, ba laifin likita ba ne, a biya shi cikakke. Na ce wannan ai ko yaro ya sani. Aka zaɓi Alhaji Ɗanjuma, da Malam Inuwa mai ja mana salla a masallacin rumfa, da Baba Audu, tsohon dillali wanda kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa ba ya iya magana sai da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken titi. Aka shafa fatiha.

Gaskiya tsarin ya yi aiki, kuma ba zan ƙi faɗa ba. Mata sun haihu lafiya, yara masu zazzaɓi sun tashi, wani da kwalba ta yanke an ɗinke shi kafin ma a san ɗan wane ne. Mutanen da da sai sun ga mutuwa suke zuwa asibiti suka fara zuwa da wuri. Ni kuma na zama ɗan sandan tsarin. Akwai wani dattijo mai hawan jini da Dokita ya yi ta fama da shi har ya daina faɗuwa a kasuwa, amma na tsaya kai da fata cewa tunda har yanzu yana shan ƙwaya, bai warke ba, ba za a cika kuɗi ba. Dokita ya dube ni ya haɗiye. Na ɗauka na ci nasara.

Sai Allah ya jarrabe ni da basir.

(Kada ku yi dariya tukuna. Wanda bai taɓa yi ba bai san azaba ba. Zama wahala, tafiya wahala, shiga bayi kuwa sai ka yi kalmar shahada.)

Da farko na ɓoye. Na sha sassaƙe, na sha jiƙo, har na bi wata Bayarabiya mai sayar da agbo, jiƙonsu na gargajiya, a kwalba zuwa bayan tasha, na rage murya na ce ta ba ni na jedi-jedi, haka suke kiran ciwon, wai na wani abokina ne. Ta kalli yadda nake tsaye ƙafa a ware ta ce, "Pele o, sannu, ka gaida abokin." Ba abin da ya yi. Da abin ya kai ina ganin jini, na lallaɓa asibitin Dokita da rana tsaka, lokacin da na san mutanenmu suna rumfa.

Ya duba ni ba tare da ko murmushi ba, na ba shi wannan. Ya yi mini ɗan aiki, ya ba ni magani, sannan ya zaunar da ni (a gefe ɗaya na mazaunai) ya jero mini sharuɗɗa. Ba yaji, ba tsire. In yawaita ganye da ruwa. In riƙa zama cikin ruwan ɗumi safe da yamma. Kuma kada in kuskura in yi doguwar tafiya a mota sai ya sake ganina.

Da ina da hankali, da na biya daga aljihuna an wuce wurin. Amma na ce ina zuba kuɗi a asusu kamar kowa, don me zan yi asara? Sai na sanar da ƙungiya cewa ciwon baya ne ya kai ni, asusu ya biya rabi.

Na samu sauƙi sosai, har na manta. Hajara, wadda sana'arta a cikin gida ita ce daka yaji tana ƙullawa ana sayarwa, ta daina sa mini ko ƙwaya a abinci, ta koma yi mini miyar ganye salam kamar ta masu jego. Na jure kwana kaɗan, daga nan na fara bin bayanta ina buɗe gwangwanin ina barbaɗawa. Ruwan ɗumi kuwa sau biyu na zauna a baho na ce ni ba jariri ba ne. Ana cikin haka goro ya yi kuɗi a Kano, na ce ba likitan da zai hana ni neman abincina. Na hau babbar mota, na zauna a kan katako tun daga Ojoo har Kano, na dawo a haka.

Abin da ya dawo mini ya fi na farko. Kuma maimakon in ji kunya, sai na ji haushi. Na ce ashe shi ma irinsu ne, ya yi aikin rabi don in koma ya sake ci. Na hana a cika masa kuɗi. Na zauna a rumfa (tsaye dai, jingine da huhu) ina gaya wa duk mai saurare cewa Dokita ya fara lalacewa. Isiyaku ya ce mini a hankali, "Yaya, mutumin nan fa yana ƙoƙari. Ka bi a sannu." Na ce shi da aka yanke wa ƙafa ne zai kare likita? Ya sunkuyar da kai. Wannan maganar har yau tana damuna.

Dokita ya aiko in je ya sake dubawa, na ce a gaya masa ba ni da lokacin ɓatawa. Sai ga shi ranar Lahadi a zauren Alhaji, da 'yar jakarsa.

Zauren ya cika maƙil, har da waɗanda ba su cika zuwa ba, don labari ya zaga cewa yau Sakatare zai kwance wa likita zani a kasuwa. Tagogi a buɗe saboda zafi, a waje ga masu jiran sallar magariba, ga wasu Yarabawa abokan cinikinmu da suka zo karɓar kuɗin kaya. Kowa ya zauna a tabarma, ni kaɗai ke tsaye.

"Sakatare, zauna mana," in ji Alhaji.

"Alhaji, maganar da ke bakina ba ta zama ba ce."

Na fara. Wallahi ban taɓa yin jawabi mai daɗin wannan ba. Na taso tun daga matar bayan taga, na bi ta kan ledojin ruwa, na nuna Isiyaku da sandunansa, na ce mun gudu daga wancan ashe mun faɗa hannun ƙaninsa. Na ce talaka ba saniyar tatsa ba ne. Na ce muddin ina sakatare, ba likitan da zai ci kuɗin ciwon da bai warkar ba. Har wani ya ce "Allahu akbar" daga baya.

Dokita ya bari na gama, sannan ya ce, "Alhaji, Baba, Malam, ni ba zan faɗi abin da ke damun Sakatare ba. Amana ce tsakanina da shi, ko za ku hana ni kuɗin duniya. Amma an ɓata mini suna a kasuwa, kuma ba wannan ne karo na farko da aka riƙe mini haƙƙi ba. In ba a warware yau ba, na janye daga yarjejeniyar, kowa ya nemi likitansa."

Kowa a wurin yana da mata ko ɗa da ya taɓa kwanciya a asibitin nan ba a tambaye shi ko kwabo a bakin ƙofa ba. Na ga idanu sun fara juyowa kaina, kuma ba irin kallon da ake yi mini ɗazu ba.

"Abin da nake roƙo kawai," in ji Dokita, "a bi ƙa'idar da aka kafa. Dattawa uku su duba da idonsu."

Sai a lokacin na ga ramin da na tsaya a bakinsa.

"Me ya ce?" Baba Audu ya tambaya da ƙarfi.

"Ya ce a duba bayan Sakatare!" wani ya faɗa masa a kunne.

"To ai sai a duba! Matso nan, yaro!"

Na ce ai ba sai an kai ga haka ba, a bar maganar zuwa wani mako. Alhaji ya girgiza kai. "Kai ka ce ba ɓoye-ɓoye, ko wane ne. Muna nan ka bugi ƙirji. Baya ne fa kawai, Sakatare, wa ba shi da baya?"

Da na ce na yafe a biya shi, da an tashi. Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe mini, ina ganinta. Amma bayan jawabin da na yi, ga jama'a, ga Yarabawa a taga, girman kai ya ce mini in daure, in nuna musu wani wuri a baya in yi ɗan nishi, a wuce. Na juya musu baya, na tattare babbar riga da 'yar ciki na rataya a wuya.

Baba Audu ya sa babban yatsa tsakanin kafaɗuna ya danna. "Nan ne?"

"A'a, Baba. Ƙasa kaɗan."

Ya sauko. "Nan?"

Nan ya kamata in ce e. Amma Dokita yana tsaye a gabana yana kallona ido cikin ido, ga Malam Inuwa da carbi a hannu ya ce, "Ka ji tsoron Allah ka faɗi gaskiya, haƙƙin mutum ne a ciki." Na kasa yin ƙaryar.

"Ƙasa kaɗan," na ce.

Ya sauko tsakiyar baya. "Nan fa?"

"Ƙasa kaɗan, Baba."

Ya kai ƙugu. Ya danna dama, ya danna hagu. Muryata ta koma kamar ta sauro. "Ƙasa... kaɗan."

Yatsan Baba Audu ya sauka a kan mazagin wandona ya tsaya. Sannan ya ɗago kai ya faɗa da muryar nan tasa da ake ji har bakin titi:

"Kai, Sakatare! Ai baya ya ƙare!"

Tsohon ya leƙo ta gefena ya dubi fuskata, ya dubi yadda na ware ƙafa, sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci kuɗi.

"Au! Basir ne? Basir ne ke damunka ka ce baya? To kwance mazagin mu gani mana, ai ƙa'ida ce!"

Wanda ya fara fashewa da dariya Isiyaku ne. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun da aka yanke masa ƙafa ba a ga haƙoransa ba, ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa da sanda. Daga nan zauren ya ɓarke. A taga na ji wani ya tambaya da Yarabanci me ya faru, wani ya amsa masa, "Jedi-jedi!" sai waje ma ya ɗauka. Alhaji ya rufe baki da hannun riga wai shi mai kamun kai, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa ina tsaye, riga a wuya, hannu biyu a kan mazagi na riƙe gam, don na ga da gaske Baba Audu yake.

Ban gama mutuwa ba, sai Malam Inuwa ya yi gyaran murya. "Dokita, mai wannan ciwo yana cin yaji?"

"Duk mai irin wannan ciwo nakan hana shi yaji da tsire da doguwar tafiya," in ji Dokita.

"To ni dai shaida ce, ba zan ɓoye ba. Ranar Juma'a tare muka ci tsire da Sakatare, kuma shi ya ce wa mai naman a ƙara yaji, wai na farko bai ji ba."

"Kano kuma da ya je, a kan katako ya zauna," wani ya ƙara daga baya.

Dokita ne ya cece ni, abin da ya fi komai ƙona mini rai ke nan. Ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, a bar mazagin. Ya isa haka. Sakatare, saki rigarka. Gobe da safe ka zo in duba ka, abin yana gyaruwa."

Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Alhaji ya yanke hukunci a take: a cika wa Dokita kuɗinsa, a haɗa da na dattijon nan mai hawan jini da na riƙe, a ƙara da tukuici. Aka ce sakatare ya sanar da jama'a kamar yadda aka saba. Haka na tsaya, da bakina, na sanar da hukuncin da aka yi a kaina.

Ban tsaya sallar magariba a masallacin ba, na bi ta lungu na nufi gida. Ban san yadda labari ke shiga gidajen matan Sabo ba, mutanen da ko ƙofar gida ba sa leƙawa, amma ya riga ni isa. Na tarar da Hajara ta ɗora ruwa a wuta, ga baho a tsakar ɗaki, gwangwanin yaji kuma ta sa shi a akwati ta kulle.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba. "Dama ina ta mamakin ɓeran da ke cin yaji a gidan nan. Ruwan ya yi ɗumi."

Na shiga na zauna a bahon.

Washegari na koma wurin Dokita, na bi abin da ya ce tiryan-tiryan, na warke sarai. A zama na gaba aka gyara ƙa'idar, aka koma kusan kan abin da ya faɗa tun ranar farko. Dattijo ɗaya zai keɓe da mara lafiya ya tambaye shi: an duba ka da wuri? An gaya maka abin da ke damunka? An bi sawunka? Kai kuma ka bi abin da aka ce? A kan wannan ake biya, har da tukuici in an kyauta. Tsarin ya daɗe yana tafiya, har zuwa lokacin da Dokita ya samu aiki a wani gari ya tashi.

Kada wani ya ɗauka na sauka daga ra'ayina. Har gobe ina nan a kan cewa asibitin da zai bar mutum yana zubar da jini a benci don jiran kuɗi bai cancanci ko sisi ba, kuma likitan da ya yi aiki da kyau ya fi ƙarfin a biya shi daidai da wanda ya yi wasa da rai. A nan ban yi kuskure ba. Inda na yi shi ne da na ɗauka auna aikin likita abu ne da za a yi da yatsan Baba Audu.

Sunan Sakatare kuwa daga ranar ya mutu. Shekara da shekaru, in na zo wucewa ta rumfunan goro sai in ji an ce, "Ƙasa Kaɗan, ina kwana?" In ana cinikin huhu aka nemi ragi, sai a kalle ni a ce, "A yi ƙasa kaɗan mana," a tuntsire. Har jikokina sun ji, ba su san mafarin ba, kuma na yi rantsuwa duk wanda ya gaya musu sai mun ɓata.

Abin da na koya dai shi ne, yanzu in ana taro aka zo kafa doka, nakan yi shiru in saurara. In zuciya ta ɗebe ni na ji bakina yana ƙaiƙayin cewa "ko wane ne," sai in kai hannu in taɓa mazagin wandona tukuna, in tambayi kaina ko na shirya kwance shi a gaban jama'a. Yawanci sai in ga gara in koma in zauna, tunda yanzu, alhamdu lillahi, ina iya zama.